Yadda Na Rasa Limancin Masallacin Ma'aikata

Ban taɓa mantawa da ranar da Injiniya Bashir ya shigo asibitin kamfaninmu a Jidda ya mayar da ƙofa ya rufe da kansa ba. Shekarar da aka rushe unguwar Karantina ce. Lokacin ina shekara ta shida a matsayin nas, kuma ni ke jan sallar azahar a ɗan masallacin ma'aikata.

Ya zauna. Ya ce, "Malam Sani, ina shan abin nan." Yana nufin sadiki, giyar da ake haɗawa a ɓoye. Sau uku yana dainawa yana komawa. Ya ji ana cewa akwai inda masu irin matsalarsa ke zama suna ƙarfafa juna, yana so in nemo masa. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Ku sabbin zuwa, ga yadda tsarin yake. Duk wanda ya shigo sai a buɗe masa fayil. Fayil ya je wurin mudir, wato babban likita, kwafi ya wuce ofishin kafili, mai kamfanin da ya tsaya mana a ƙasar. Kafili ya ga kalmar giya, iƙama, takardar izinin zama, ta tafi, mutum ya tattara iyalinsa sai filin jirgi. Don haka na rubuta wa Bashir ciwon kai.

Na fara da mudir, ban ambaci suna ba. Ya ɗago ta saman tabarau ya ce, "Ya Sani, giya mamnu'a ce, an hana ta a ƙasar nan. Babu giya, ina za a sami mashayi? Halas." Kun ji ilimi! Shekara da shekaru a makarantar likitanci, ya warkar da cuta da jimla ɗaya.

Wani tsohon direba ya taɓa ba ni labarin wasu Hausawa a Karantina da ke irin wannan zama duk Juma'a bayan la'asar. Na bi kwatance tiryan-tiryan, na tarar da tulin bulo da kyanwa ɗaya. Kyanwar ba ta san inda suka koma ba.

Mutum ɗaya ce ta san inda kowa ya watse, Hajiya Ladi mai tuwo, wadda ta koma unguwar Sa'alaba, inda ni da Bashir ke cin abinci. Na ja ta gefe na tambaye ta.

Ta ce, "Wa ke nema?"

Na ce, "Wani abokina."

Ta ajiye mara. "Abokinka? Ai ku huɗu ne Hausawa a kamfanin naku. Ba Alhaji Garba ba ne, shi ko lemo sai ya karanta kwalba. Tsaya, ba dai Injiniyan nan mai jan ido..."

Na katse ta na ce, "Ni ne, Hajiya."

"Innalillahi! Malam? Liman?" Ta share hawaye da gefen mayafi, ta ce in nemi Baba Idi mai wankin mota, bayan gidan burodi, can zaman ya koma. Ta rantse daga ni sai ita. Allah ya saka mata, ta riƙe sirrin har kusan magariba. Washegari yayata ta kira daga Kano tana kuka.

Ran Lahadi mudir, wanda ya ce babu giya a ƙasar, ya sa aka ɗebi jinina. Aka same shi fes. Da na Bashir ne, da ya ba da labari har da tarihi. Aiki ya tsira, amma mutanenmu suka ce ai dainawa na yi kwana biyu. Da azahar na nufi gaba in ja salla, Alhaji Garba ya riƙe min hannun riga cikin ladabi ya ce, "Malam, ka ɗan huta tukuna." Ina hutawa har yau.

Duk Juma'a Bashir ke ɗaukata a motarsa zuwa gidan Baba Idi. Shi ya shige ɗaki wurin dattawan, ni in zauna a tsakar gida ina shan shayi. Baba Idi ya gane wa ke da matsalar tun ranar farko, amma ya rufa mana asiri. A waje kuwa sai yabo: kun ga Injiniya, bawan Allah, bai guji abokinsa mashayi ba! Da aka tashi neman sabon liman, wa kuke tsammani aka zaɓa?

Bashir ɗin ya zo min yana kuka, wai zai tashi ya faɗi gaskiya. Na ce, "Ka buɗe baki in buɗe maka fayil. Yalla, je ka ja salla."

A makaranta an koya mana cewa riƙe sirrin majiyyaci shi ne ka yi shiru. A cikin mutanenmu shiru ba ya isa, sai an sami sunan da za a sa a gurbin, kuma wani lokacin naka ne kaɗai a hannunka. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Bashir yanzu shekararsa uku bai sha ba, 'ya'yansa na makaranta a unguwar Safa. Ni kuma ina sahu na biyu a bayansa, ana sallamewa Alhaji Garba ya miƙo min hannu ya ce, "Allah ya ƙara shiryarwa, Malam." In ce amin.