Ɗakin da Ya Ɓace wa Baba

Bayan hawan jinin ido ya tafi da ganin Baba, kunnensa ne ya zama ɗan jagorarsa a gidanmu na Fagge. In ya shiga ɗaki sai ya yi gyaran murya, ya ɗan saurara, shi ke nan ya san inda bango yake da inda ƙofa take. Ginin ƙasa ne mai kauri, rufin a kusa, ga tabarmi a shimfiɗe. Ko raɗa ka yi, kai tsaye zai juyo inda kake.

Ni na ɓata masa wannan. Shekarar da shagona na atamfa a Kantin Kwari ya fara tsayawa da ƙafarsa, na ce sai na gyara masa ɗaki. Muka kai shi gidan yayata a Rijiyar Lemo na sati uku. Aka shafe bango da siminti, aka sa tayil, aka ɗaga rufin, aka fitar da tsohuwar kabad ɗin littattafansa.

Ranar da ya dawo na tsaya bakin ƙofa ina murmushi. Ya shiga da sandarsa, ya yi gyaran murya. Sai ya tsaya cak. Ya sake yi.

"Ina kuka kawo ni?"

Na ce, "Ɗakinka ne, Baba."

Ya miƙa hannu wajen bangon gabas yana lalubena, alhali ina bayansa.

"Muryarka daga wuri uku take zuwa," in ji shi. "Wacce zan bi?"



Washegari na shiga Kasuwar Sabon Gari na sayo kafet mai kauri, na sa aka ɗinka labule, muka mayar da kabad ɗin. Amsa-kuwwar ta ragu, amma rufin ya riga ya yi sama. Ya ce da kiran sallar da ke shigowa ta tagar hagu yake gane alƙibla, yanzu kuwa daga sama yake sauko masa. Sau biyu na same shi yana sallah a karkace. Na tsaya ina kallo, na kasa taɓa kafaɗarsa.

Daga baya ya koma wuni a soro, inda magina ba su taɓa ba. Ɗakin kuwa sai kwanciya, ita ma sai an riƙe masa hannu har gado. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. In baƙi suka yaba gyaran, sai ya ce, "Aikin yaron nan ne, Allah ya yi masa albarka." Su ce amin, ni ma in ce amin a hankali.