Bidiyon da ya zaunar da Inna

Ko zan manta da komai a rayuwata, abin da ya sami mahaifiyata a Haɗeja ba zai taɓa fita daga raina ba.

Inna mace ce da ta saba da aikin fadama, amma bayan rasuwar Baba sai ta zauna wuri ɗaya. Jiki ya yi nauyi, hawan jini ya kama ta, ƙafafu suka fara kumbura. Likita ya ce magani kaɗai ba zai wadatar ba, sai ta riƙa tafiya. Ta ce, "Da girmana in fita yawo, ba biki ba, ba gaisuwa ba?"

Ana haka sai wasu matasa daga wata ƙungiyar lafiya suka shigo unguwarmu. Suka buɗe wa dattawan mata zaure a waya, kullum bayan sallar asuba a turo saƙon murya: ku tashi, ku miƙe hannu, ku taka. Da fari Inna dariya take yi wa muryar, daga baya sai ga ta da mayafi a kafaɗa tun saƙon bai shigo ba. Ita da ƙawayenta sukan bi ta kan jingar da ke tare ruwan kogi, su wuce gonakin shinkafa, su dawo suna haki suna raha. Kumburin ya sace, barci ya dawo. Wata safiya ta ce da ni, "Yau fa na bar matar liman a baya, ko ƙurata ba ta gani ba." Tun rasuwar Baba ban ga fuskarta haka ba.

Sai ranar da matasan suka zo duba su. Ɗayansu ya ɗaga waya yana ɗauka, daidai lokacin da Inna ta zame a laka, ta zauna daɓas, zaninta ya ɗan yaye. Ta tashi tana dariya. Ba wanda ya nemi izininsu. Matasan suka ɗora bidiyon a shafinsu don a ga suna aiki, wani kuma ya yanko wurin faɗuwar kaɗai ya sa masa kiɗa. Kafin Juma'a, har daga Malam Madori ana kiran yayana ana tsokanarsa.

Yaya ya shigo rai a ɓace ya miƙa mata wayar. Ta kalla sau ɗaya, ta tambaya a hankali, "Duk gari an gani?" Yaya ya ce an gani. Ta ce, "To, shi ke nan."

Na je na sami matasan. Suka ba da haƙuri, suka goge nasu, suka ce sauran ya fi ƙarfinsu. Ɗaya har cewa ya yi ai yanzu shirin ya ƙara sanuwa.

Inna ba ta sake hawa jingar ba. Na roƙe ta ko a tsakar gida ta riƙa zagayawa, ta ce ta gaji. Ƙawayenta ma suka janye ɗaya bayan ɗaya. Kafin wata damina, jinin ya buge ta, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Yanzu ni ke juya ta a kan gado.

Abin da na koya mai ɗaci ne: duk wanda ya zo gyara wa mutum lafiya bai tsare masa mutunci ba, gara da bai zo ba.