Ranar da Kaka Ta Shiga Doki Biyu

Ni na jawo, ba na musu. Ni na gaya wa Kaka cewa da gwangwanayen sardin aka ƙera motar Baffa, rufin kuma tsohon zanen wata Bafaranshiya ne. Don a yi dariya na faɗa. Kowa ya yi, ban da ita.

Baffa ƙanen Baba ne, daga Nijar ya zo, yana gyaran mota a unguwar Waziriyya. Wani Bature da ya gama aiki a tashar jiragen ruwa ne ya bar masa motar. Dushebo yake kiranta, wai doki biyu da Faransanci. Ni dai na sha leƙa injin, ko jaki ban gani ba. Idanunta a waje kamar na kwaɗo, giyarta kamar mariƙin lema, in ta sha kwana sai ta kwanta gefe har ka yi kalmar shahada.

Sai labari ya zo cewa ƙanwar Kaka ta sauka a garinmu cikin alhazan da suka zo daga gida, tana masauki kusa da tasha, washegari za a wuce da su Makka, kuma ba a barin su yawo. Rabonsu da juna tun kafin a haifi Umma. Ga bayan Kaka ba ya son jijjiga, ga lungunmu na unguwar Nuzla ba ya cin tasi. Sai dai dushebo.

"Ba zan mutu cikin gwangwani ba," in ji Kaka.

"Kaka, wallahi ƙarya na yi."

"Jiya ka yi ta ko yanzu?"

Baffa ya durƙusa gabanta. "Hajiya, don manoman Faransa aka yi ta. Sharaɗin da aka gindaya wa maƙeranta shi ne ta ɗauki kwandon ƙwai ta ratsa kunyoyin gona, ko ɗaya kada ya fashe."

Kaka ta ja carbinta. Can ta ce, "A kawo ƙwai. A ɗora wa maƙaryacin nan a cinya. Yalla, maza!"

Haka ni da Baffa muka zaga Nuzla, ƙwai a cinyata, ina sanye da farar jallabiyata ta Juma'a. Baffa bai bar rami ko ɗaya ba, har waɗanda akuya kan faɗa ta ɓace. Motar tana ta lilo kamar kwalekwale, ni ina karanto surorin da malam ya rantse ban iya ba.

Ɗaya ya fashe. Kaka ta ɗaga shi, ta juya, ta ga gurbin babban yatsana, don tsoro ya sa na damƙe shi.

"Halas, shi ke nan. Mota ba ta da laifi. Miƙo min mayafina."

A masaukin ba wurin zama, sai Baffa ya zare kujerar baya ya ajiye a inuwa, dama ita cire ta ake yi. A kanta tsofaffin biyu suka zauna, hannu cikin hannu, har aka kira la'asar. Washegari ƙanwar ta wuce Makka.