Waƙar da Kawu Ya Fassara Mini a Kan Gada

Jiya ina jiran kabu-kabu a bakin kasuwar Gaya, sai wata tsohuwar waƙar Turawa ta taso daga shagon mai gyaran rediyo, jita na tafiya a hankali, muryar mawaƙin a dishe. Na tsaya ina saurare. Waƙar marigayi kawuna ce.

Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, Gaya zuwa Kotonu. Ba ya jin Ingilishi ko kaɗan, amma duk waƙar da ke kasetinsa sai ya gaya maka mafarinta. Ranar da ya ɗauke ni zuwa Malanbil a ƙetaren kogi, motar na warin man gazuwal da albasa, muna kan gada waƙar nan ta shigo. Ya rage gudu.

Na ce, "Kawu, me yake cewa?"

Ya ce, "Mahaifiyarsa ce ta rasu yana kan hanya, ɗiyata. Kafin ya iso gida an rufe ta."

Shekara da shekaru na riƙe haka. Bayan rasuwar kawu ɗana ya bincika a waya, ya ce waƙar soyayya ce kawai, budurwa ce ta bar saurayinta. Da na gaya wa innata, sai ta ce ranar da kakata, mahaifiyarsu, ta cika, tun ba a haife ni ba, kawu yana Kotonu yana jiran lodi.

Ashe labarin kansa ya ba ni, ni kuwa ina kallon kogi ina ɓare gyaɗa. Ko hannunsa ban riƙe ba.

Allah Ya sada shi da ita inda ba a makara, mu ma Ya kai mu gare su.