Mashin Ɗin Baba Abdulsalami Bai Mutu Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, da mai gyara da mai ɓatawa. Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta na shekarar 2025, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Baba Abdulsalami, bakaniken mashin da ke zama a gindin darbejiyar bakin titin Basirka. Ya cika a kan amalanken shanu, a hanyar da ta fito daga ƙauyensu, ko bakin kwalta ba a kai shi ba, balle asibitin Gwaram. Shekarunsa sittin da bakwai. Ya bar matarsa Inna Kubura, da 'yarsa Ummussalma, da jikoki huɗu, da mu 'yan acaba waɗanda ya shekara talatin yana tayar mana da abin neman abincinmu.

Baba, ban so na yi wannan rubutu da ɗacin rai ba. Na so na rubuta alherinka, na yi addu'a, na ajiye biro. Amma tun kafin ƙasar kabarinka ta bushe na fara jin wata magana a tasha da wurin masu shayi, wai bakanike guda, nasa mashin ɗin ne ya ƙi tashi ranar da ya fi bukatarsa. Wai ka gyara na duniya ka bar naka ya ruɓe. Har da masu ƙunshe dariya. Na ji wannan daga bakin mutanen da ka sha fitar da su kunya a tsakiyar hanya, kuma tun daga lokacin abinci ba ya yi mini daɗi. Saboda haka zan faɗi abin da ya faru, da nawa laifin a ciki, don kada a bar ka kwance da wannan ƙazamar magana a kanka.

Na san ka shekara tara da suka wuce, ranar da na turo mashin ɗina na farko tun daga hanyar Fagam, gumi har cikin takalmi. Ina taka kik, inji yana juyawa, ya ƙi kamawa. Na iso ina zagin mashin, ina zagin wanda ya sayar mini da shi, na ce a canza mini kabureta yanzu-yanzu. Ba ka ko tashi daga kan bencinka ba. Ka ce, "Kai mai bakin reza, zauna. Ka tambaye shi abin da ke damunsa, ko zaginsa kawai ka yi?" Sannan ka duba wuta, ka tarar tana nan, ka zare tiyon mai, ka tsiyaya kaɗan a tafin hannunka, ka nuna mini ruwa kwance a ƙarƙashin fetur ɗin. Man kwalba na saya a hanya. Ka juye tankin, ka busar da fulogi, taku ɗaya ya tashi. Ba ka kwance ko noti ɗaya a injin ba.

A ranar ka koya mini ƙa'idarka, wadda duk wanda ya taɓa zama a bencin nan ya haddace ta. Inji ba ya ƙin tashi sai ya rasa ɗaya cikin uku: wuta, ko mai, ko numfashi. Kuma a jere ake tambayarsu. A fara zare fulogi, a ɗora shi a jikin inji, a taka, a ga ko wuta tana tsalle. In akwai wuta, a duba ko mai yana isowa, kuma mai ne na gaske. In akwai mai, a toshe ramin fulogi da babban yatsa, a taka, a ji ko iska za ta ture yatsan. Sai an gama waɗannan ake ɗaukar sifana. Kuma kafin duka ukun, sai ka tambayi mai mashin: yaushe ya fara, a ina ka sha mai, wa ya hau shi jiya? Na taɓa ganin ka bar wani Alhaji tsaye da babbar rigarsa, kana tambayar matar da ya goyo irin ƙarar da ta ji kafin mashin ya mutu, don ka ce ita ce a zaune kusa da salansa, bututun hayaƙi. Alhajin ya ɓata rai. Amsarta ce ta gyara mashin ɗin.

Ka tsani masu cewa a canza. Kakan ce wanda ya ce a canza kafin ya duba, ɗan kasuwa ne ya ari rigar bakanike. Yanzu su ne suka cika titi daga Sara har Birnin Kudu, kowa da allon da ya rubuta Injiniya a jiki, kowa da tulin sababbin kaya a leda. Mashin ya yi tari, a canza kabureta. Ya yi atishawa, a canza koyil. Talaka ya tafi da sabon ƙarfe da tsohuwar cuta.

Ga abin da ya faru ranar Talatar nan, kamar yadda Inna Kubura ta ba ni labari da bakinta, kuma babu wanda ya musa.

Ka dawo daga gona da hantsi, ka zauna za ka sha fura, sai ludayin ya faɗi. Bakinka ya karkace, ɓarin jikinka na dama ya saki, magana ta ɗauke. Ranar kasuwa ce, duk mai mashin a ƙauyen ya fita, kuma ruwan da aka yi kwana biyu ya hana mota shigowa. Mashin ɗaya ya rage a garin, naka, tsohon nan mai jan tanki wanda ya girmi wasu daga cikinmu. Aka shimfiɗa maka tabarma a zaure, aka fito da mashin ɗin ƙofar gida. Ƙaninka Salihu ya murɗa makulli ya taka. Inji ya juya, bai kama ba. Ya sake takawa. Maƙwabta suka taru, kowa ya taka nasa, kamar gasar ƙarfin ƙafa. Aka tura shi har bakin masallaci aka dawo da shi.

Sai aka kira Jamaluddeen, wanda ya yi shekara biyu a bencinka kafin ya buɗe nasa shagon, kuma ranar yana gonarsa a kusa. Ya zo ya zare fulogi, ya gan shi jiƙe sharkaf da mai. To yaya ba zai jiƙe ba, bayan mutum shida sun yi ta ɗura masa mai ba wuta? Fulogin yana hannunsa, Baba. Abin da ya rage kawai ya ɗora shi a jikin inji ya ce a taka. Bai yi ba. Ya ce kabureta ce ke ambaliya, ya zauna a ƙasa ya farke ta gunduwa-gunduwa, kana kwance taku biyar daga wurin, idonka a buɗe, kunnenka yana ji.

Inna Kubura ta leƙo daga zaure ta ce musu, "Malam fa kullum sai ya sa hannu a ƙarƙashin sit kafin ya taka." Salihu ya ce, "Laya ce yake shafawa, ki koma ciki ki yi masa fifita." Ta sake fitowa ta sake faɗa. Jamaluddeen ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Inna, wannan aikin inji ne, ba tuƙin tuwo ba." Sau uku ta faɗa. Matar da ta shekara arba'in tana kallon fitarka kowace safiya.

Yanzu sai nawa. Da abin ya ƙi, Salihu ya kira ni a waya. Ina Birnin Kudu, a bakin tasha, layi ya kusa zuwa kaina. Ya ce mashin ɗin Baba ya ƙi tashi, kuma Baba ba lafiya. Ban tambayi wace irin rashin lafiya ba. Ban tambaya ko akwai wuta ba. Ban tambayi wanda ya san yadda kake tayar da shi ba. Na ce, "Ku canza fulogi mana!" na kashe waya na ɗauki fasinja. Ni da nake cika baki a majalisa cewa ni ɗalibinka ne. Ni da na koyi haɗa baƙi da tsohon littafin inji da ka ba ni, mai hotuna, wanda mai ya ɓata rabinsa. Kuma abin da ya fi ci mini rai: ni ma akwai ɓoyayyen makunni a mashin ɗina, kuma hannunka ne ya ɗaura shi. Tun da aka sace maka mashin a kasuwa shekarun baya, kake yanke wayar wuta ka sa ɗan makunni a inda ɓarawo ba zai lura ba, kowane mashin da wurinsa daban, kuma ba ka faɗa wa kowa sai mai shi. A wannan safiyar ma sai da na laluba nawa kafin na fito. Da na yi shiru na numfashi ɗaya kafin na buɗe wannan bakin nawa, da na tuna.

Awa biyu da rabi aka yi. Sannan aka ɗaura wa shanu amalanke.

Na san ajali ba ya gaba, ba ya baya. Liman ya faɗa mini, kuma na yarda, ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Ko da mashin ya tashi a taku na farko, in kwananka ya ƙare, ya ƙare. Amma ajali na Allah ne, garaje da raina mutane kuwa namu ne, kuma kada wani ya ɓoye nasa a bayan na Allah. Ƙyamar da nake ji ba ta mutuwa ba ce. Ta mu ce, maza takwas har da ni, da muka san ƙa'ida muka tsallake ta, sannan muka koma gefe muna barin a ce mashin ɗinka ne ruɓaɓɓe.

Ranar sadakar uku na je gaisuwa. A ƙofar gida na tarar da wani ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, da kurarsa ta turawa, yana ƙwanƙwasa tankin da ɗan yatsa. Salihu ne ya kira shi. Ya ce mashin ɗin ba shi da albarka, ya ci amanar mai shi, ba ya son ya ƙara ganinsa a gidan, gara a farfasa a auna a kilo. Na ce, "Baba Salihu, don girman Allah a ba ni rabin awa." Ya ce, "Munzali, yau ranar addu'a ce, ba ranar surutunka ba." Na ce ba zan yi surutu ba, kuma wannan karon na cika.

Na yi sallama a zaure na roƙi Inna Kubura kayan kabureta. Ta fito da su a cikin kwanon sha mai murfi. Bayan an tafi da kai, ita ce ta durƙusa ta tsince su ɗaya-ɗaya daga cikin taɓo, ta wanke, ta adana. Ko ƙaramin sukuru bai ɓata ba. Na zauna na mayar da su, ban ga komai da ya lalace ba, ciki fes kamar yadda ka saba barin aikinka. Na goge tsohon fulogin, na ɗora shi a jikin inji, na ce Jamaluddeen ya taka, don yana cikin masu zaman makoki. Ya taka. Babu wuta. Na ce ya sake, kowa ya matso ya gani. Babu wuta.

Sai na juya na yi abin da ya kamata a yi tun ranar Talata. Na ce, "Inna, a ina yake sa hannun?"

Ta taho a hankali cikin mayafin takaba, maza suka dare mata. Ta sa hannun hagu a ƙarƙashin sit, ta ɓangaren baya, ba ta ko laluba ba. Ɗan makunni ne, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, an naɗe shi da robar tayar keke. Muka ji ƙas. Jamaluddeen ya taka, wuta shuɗiya ta yi tsalle a bakin fulogi, har na bayan layi sun gani. Na ɗaura fulogin. Taku na biyu mashin ya tashi, ya zauna daram, yana bugawa a natse kamar kullum in za ka fita.

Babu wanda ya yi kabbara. Jamaluddeen ya sauke ƙafarsa ya tsuguna a wurin ya rufe fuska da hula. Ɗan gwangwan ya ja kurarsa ya tafi ba tare da an sallame shi ba. Inna Kubura ta tsaya tana sauraron ƙarar, ta daɗe, sannan ta ce, ba da faɗa ba, "Ai na gaya muku." Ta ce in kashe shi, ƙarar tana sa ta zaci za ka shigo.

To ga shi na rubuta, kuma duk mai shayin da aka yi waccan magana a teburinsa, a karanta masa. Mashin ɗin Baba Abdulsalami lafiyarsa ƙalau. Bai ƙi tashi ba, abin da mai shi ya umarce shi ya yi: kada ya tashi a hannun wanda bai tambaya ba. Magada sun yanke cewa zai zauna a gidan, mijin Ummussalma zai riƙa kai Inna asibiti da shi, kuma ita ce ta nuna masa makunnin.

Baba, ka yafe mini kalmomi huɗun nan da na faɗa a waya. Na je na durƙusa na nemi gafarar Inna, ta ce ta yafe, amma kai ban samu na roƙe ka ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Abdulsalami. Ka sa ciwon da ya ji a kan tabarmar nan, yana gani yana ji ba ya iya magana, ya zama kankarar zunubansa. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka saka masa da Aljanna Firdausi saboda kowane talaka da ya mayar kan hanya bai cuce shi ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Kubura, da Ummussalma da 'ya'yanta, da Baba Salihu, da dukkan 'yan acabar Basirka da Gwaram. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Mu kuma da muka rage, Allah Ya shirye mu, Ya koya mana tambaya kafin mu ɗauki sifana, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

Munzali Ahmad Basirka