Malam Waliyyu da Shafin Albasa

Shekara goma sha ɗaya Malam Waliyyu ya yi yana kula da wani ɗan ɗakin karatu a Sabon Garin Jega. Shagon ɗinkina yana manne da shi, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi. Siriri ne, mai son tsari har ya ba ka haushi. Ka ɗauki littafi ka mayar inda ba wurinsa ba, zai biyo bayanka ya gyara yana ɗan tsaki.

Da aka kawo musu kwamfuta da intanet sai ya samu abin yi. Ya buɗe irin shafin nan da ake kira wiki, wanda kowa zai shiga ta wayarsa ya rubuta, ya ƙara, ya goge. Shi dai gayya yake ce masa. Littattafan noman da ke kan kantarsa duk baƙi ne, babu wanda ya san ƙasarmu. Burinsa ilimin albasa da ke kan tsofaffi ya sauka a rubuce, manoma kuma su riƙe shafin da hannunsu, kada ya zama nasa shi kaɗai.

Ya hau babur ya tafi Aliero wurin Baba Magaji, wanda ya tsufa a cikin noman albasa. Wuni guda tsohon yana magana, shi yana rubutu. Ya dawo ya buga, ya sa sunan Baba Magaji a sama, sannan ya riƙa bin manoma ranar kasuwa yana nuna musu yadda ake shiga.

An shiga kuwa, an karanta. Amma wata huɗu babu wanda ya taɓa ko harafi ɗaya. Kullum da safe sai ya buɗe ya tarar da shafin yadda ya bar shi, ya fito ya zauna a bencina jiki a sanyaye. Ina tsokanarsa cewa ya kira gayya ya ƙare da noma shi kaɗai, amma a raina tausayi yake ba ni.

Rannan Surajo, wani manomi daga Maiyama, ya kawo mini ɗinki. Yana ajiye yadin ya rage murya ya ce, “Ka gaya ma maƙwabcinka, shahin nan nashi akwai gyara. An ce ran da aka tuge albasa a kai ta rudu. Wa ka yin haka? In ba ta sha iska ta bushe ba, ruɓewa za ta yi.”

Rudu shi ne ma'ajin kara da ake adana albasa a ciki. Na kira Malam Waliyyu. Ya duba takardunsa, ashe shi ya tsallake takarda guda lokacin bugawa. Ya tambayi Surajo me ya hana shi gyarawa, ga wurin latsawa a fili. Surajo ya kalle shi kamar an ce ya mari babansa.

“Sunan Baba Magaji na bisa. Ni in goge maganar dattijo gaban jama'a? Kowa ya gani, kowa ya yi shiru. Mun ce ko tsuhwa ta.”

Wannan ta yi wa Malam Waliyyu ciwo: kuskurensa ne, amma tsohon ake ɗora wa. Ga cirar albasa ta matso. Na ce ya gyara kawai a wuce wurin. Ya ce in ya gyara da kansa, gobe ma shirun za a yi. Washegari ya goya ni a babur muka nufi Aliero.

Ya durƙusa gaban tsohon ya faɗi laifinsa tiryan-tiryan. Baba Magaji ya yi dariya har da tari. Ya sa aka miƙo masa wayar Malam Waliyyu, aka kama masa yatsa ya goge layin da kansa. Sannan ya ce, “Rubuta, kuma ka sa bisa. Ni Magaji na yahe. Wanda yag ga kure shi gyara, ko jikana na. Albasa ba ta san girma ba, ruɓewa takai.”

Daga makon nan gyara ya fara shigowa, kowanne da gaisuwarsa a gaba: “Baba, a gahwarce ni.” Wani ma sai ya tambayi lafiyar iyali kafin ya taɓa maganar taki. Malam Waliyyu, duk son tsarinsa, bai cire ko ɗaya ba.

Wata safiya ya leƙo shagona yana ta murmushi, ya ce in bar keken in zo. Wata Kande daga Katanga ce ta share sakin layi guda da shi kansa ya rubuta kan busar da lawashi, ta zuba nata, wanda ya fi nasa nesa ba kusa ba.

Ya nuna mini da yatsa, murna ta cika shi, ya ce, “Dubi nan. Ni ko sallama ba ta yi mini ba.”