Fankar Motar Hajiya

Ina tsugune a rumfata ta kasuwar Adum, ina gwada wa wata mata takalmi, wayata ta yi ƙara. Matar yayana ce. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Ka rufe ka zo gida. Yayanka ya cika." Na ce mata to. Sai da na ƙarasa ɗaure wa matar igiyar takalmin kafin na iya miƙewa.

Mu biyu muka rage a ɗakin mahaifiyarmu. Shi mai gyaran wayoyin mota ne. Shekarun da ya yi a gareji kusa da masu bugun ƙarfe sun cinye masa kunne, in ba an ɗaga murya sosai ba, ba ya ji. Saboda haka akwai aikin da ba ya yi sai ranar Lahadi, a ƙofar gidanmu a unguwar Moshi Zango, in ina nan. Shi zai kwanta a ƙasan sitiyari, kansa a ciki, ƙafafunsa a waje. Ni zan zauna a kujera in zama kunnensa. In abu ya yi motsi, in bugi ƙafarsa.

Lahadin ƙarshe, motar wata Hajiya ce mai sayar da atamfa a Alabar. Fankar cikin motar ta daina hura iska, ko an murɗa ta har ƙarshe. Lokacin damina ne. In ruwa ya sauko gilashin gaba sai ya yi hazo, ita kuma da kanta take tuƙi.

Ya fara da fis, ya ɗaga shi sama ya duba, ya ce lafiyarsa lau. Ya ciro wani ɗan baƙin akwati da ake kira rile, ya musanya shi da na hon. Hon ya yi ƙara, fanka shiru. Sannan ya kwance fankar kanta daga ƙarƙashin akwatin gaba, ya haɗa ta da batir kai tsaye. Ta juya da ƙarfi har busasshen ganye ya fito ya shiga mini ido.

Ya yi dariya ya ce, "Auta, ka ga? Ba ta mutu ba. Abinci ne ba ya kai mata."

Na ce da ƙarfi, "To ka ba ta mana!"

Ya ce, "Kai dai riƙe hannunka a bakin iska. Aikin da ka iya ke nan, kai da takalma."

Ya mayar da ita, ya shiga bin wayoyi yana girgiza su ɗaya bayan ɗaya. Can sai na ji ɗan huci a tafin hannuna, kamar numfashin jariri. Na bugi ƙafarsa. Ya ce, "Yauwa, na gan ta." Daidai nan hadari ya taso, muka rufe mota da gudu. Ya ce sai wata Lahadi. Ranar Talata ya faɗi a bakin famfo yana alwala.

A wurin jana'iza liman ya ce duk wanda ke da wani abu a hannun mamaci ya yi magana. Ba wanda ya fito. Amma motar tana nan a ƙofar gida, masu ta'aziyya suna jingina da ita. Amana ce ya karɓa, ya ce zai gyara. Na ƙudurta cewa ba za ta koma yadda ta zo ba.

Bayan sadakar bakwai Hajiya ta zo. Ta yi addu'a, ta daɗe zaune tare da matarsa da ke takaba a ɗaki. Da ta fito ta ce mini, "Ɗana, ba ni makulli. Na yafe masa duniya da lahira. Akwai wani makanike a Magazin, unguwar masu gyaran mota, zai duba."

Na ce, "Hajiya, ki ba ni mako biyu. Ya riga ya gano wurin."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai? Yaushe ka koyi waya? Kar ka sa mini mota ta kama da wuta, in koma hawa motar haya ta turoturo da wannan gwiwa." Ta gyara mayafinta. "To, biyu. Ban da ƙari."

Lahadi na buɗe motar, na kunna, na murɗa fanka, na kwanta inda yake kwanciya. Ban taɓa ganin wurin daga ƙasa ba. Wayoyi ne a dunƙule, ja da kore da ruwan ƙasa, wasu an naɗe su da baƙin tef. Ni kunnena lafiya lau, ba na bukatar kowa ya bugi ƙafata. Abin da ban sani ba shi ne wayar da yake riƙe da ita lokacin da ya ce ya gan ta. Shekara da shekaru ina zaune a samansa, ban taɓa leƙawa ba.

Na bi su yadda na ji yana yi. Maƙwabcinmu Batone ya wuce za shi coci, ya tsaya ya ce mini "due", wato sannu da rashi, ya tafi. Na ci gaba har azahar. Sau ɗaya fankar ta yi tari, na zabura, kaina ya bugi ƙarfe, wayar ta kuɓuce mini. Lahadi ta biyu ko tarin ba ta yi ba, har batir ya fara sanyi.

Hajiya ta zo da safiyar Litinin, ana yayyafi. Na mayar da murfin akwatin gaba, na ɗaure kusoshinsa. Matar yayana ta miƙo ƙaramin tawul ta bayan labule, ta ce a ba Hajiya na goge gilashi. Hajiya ta karɓa ba ta tambaye ni komai ba. Ta tayar da mota, tana tuƙi da hannu ɗaya, tana goge hazo da ɗayan, har ta sha kwana.

Aikin da ya karɓa na ƙarshe ke nan, kuma na mayar da shi ban gama ba.